Taswira da Nasaba: Sharhi a kan Rikicin Sool da Sanaag a Ƙasar Somaliya

Duk wanda ya saba sauraron labarin Somaliya a rediyo, abin da ya fi shiga kunnensa shi ne ta'asar al-Shabab da fashin jiragen ruwa da farin da ke ƙarar da dabbobi, har da yawa daga cikinmu suka ɗauka cewa fitinar wannan ƙasa ta taƙaita ne ga gwamnatin Mogadishu da masu tayar mata da ƙayar baya. Alhali kuwa akwai wata fitina daban, wadda ta girmi al-Shabab, wadda kuma ba ta da wata alaƙa da saɓanin aƙida, domin masu yin ta duka Musulmi ne mabiya mazhabar Imamu Shafi'i, harshensu ɗaya, tufafinsu ɗaya, suna auratayya tun kaka da kakanni. Wannan ita ce jayayyar da ke tsakanin hukumomin yankuna a kan wane ne ke da ikon wace ƙasa, kuma inda ta fi ƙamari shi ne lardunan Sool da Sanaag da gundumar Buhodle, can arewa, inda hukumar Somaliland mai hedkwata a Hargeisa da hukumar Puntland mai hedkwata a Garowe suka shafe fiye da shekara ashirin kowace tana da'awar cewa nan ƙasarta ce.

Ba a fahimtar wannan mas'ala sai an fara sanin yadda Somalawa suka tsara zamansu tun kafin zuwan Turawa. Mutanen arewacin ƙasar makiyayan raƙuma ne da awaki, kuma abin da ke tsare ran mutum da dukiyarsa a wannan daji mai ƙarancin ruwa shi ne danginsa na wajen uba, waɗanda yaro ke haddace sunayensu kaka bayan kaka tun yana ƙarami. Manyan zuriyoyi su ne Darod da Hawiye da Isak da Dir da Rahanweyn, kowace kuma ta rarrabu reshe bayan reshe har a iso ga ƙaramin rukunin da ke haɗuwa ya biya diyya idan ɗansu ya yi kisa, ya kuma karɓa idan an kashe nasu. Diyyar namiji kuwa raƙumi ɗari ce, kamar yadda take a littattafan fiƙihu. Tsakanin dangi da dangi akwai yarjejeniyar gargajiya da suke kira heer, wadda ta fayyace sha'anin rijiyoyi da wuraren kiwo da biyan jini, kuma dattawa ke zama a gindin itace su yanke hukunci a kanta. Abin da Ibn Khaldun ya bayyana a Muƙaddimarsa game da asabiyya, wato ƙarfin da haɗin jini ke ba mutanen ƙauye har su kafa daula ko su rushe ta, mai son ganinsa a fili ya dubi wannan ƙasa. Sai dai abin lura a nan shi ne, dangi yana da rijiyoyin da aka san nasa ne, yana da hanyoyin da dabbobinsa ke bi da damina da rani, amma ba shi da iyaka irin wadda ake ja da alƙalami. Wuraren kiwo suna shiga juna, kuma shigar nan tasu ita ce dalilin da ya sa aka bukaci heer tun farko.

Iyakar alƙalami Turawa suka kawo ta. Tsakanin 1884 da 1886 Ingila ta ƙulla yarjejeniyoyin kariya da dattawan dangogin bakin teku, don ta tabbatar da naman da ake kai wa sojojinta na Adan, sa'an nan a 1894 ta zauna da Italiya suka ja layin da ya raba rabonta da na Italiya. Layin nan ya ratsa tsakiyar Harti, wani babban reshe na Darod, ya bar Majerten a gabas ƙarƙashin Italiya, ya bar 'yan'uwansu Dulbahante da Warsangeli a yamma ƙarƙashin Ingila tare da Isak, waɗanda su ne mafi yawan jama'ar wannan yanki. Warsangeli sun sa hannu a yarjejeniya da Ingila, amma Dulbahante ba su sa ba, kuma har gobe suna kafa hujja da wannan. Daga cikinsu ne Sayyid Muhammad Abdullahi Hassan, malamin ɗariƙar Salihiyya wanda mahaifiyarsa 'yar Dulbahante ce, ya sami mafi yawan mayaƙansa da ake kira Darwish, ya yi ta gwabzawa da Ingila tun daga 1899, har da zamanin da sojojin wannan daula ɗin dai suke bin Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi, bai kuwa karye ba sai a 1920, da aka kawo jiragen sama suka yi ruwan bama-bamai a kan ganuwarsa ta Taleh. Taleh tana cikin Sool. Saboda haka idan mutumin Las Anod, hedkwatar Sool, ya ji ana ce masa iyakar da Ingila ta ja ita ce ta wajabta masa biyayya ga Hargeisa, abin da ke faɗo masa a rai shi ne kakanninsa sun mutu ne wajen ƙin wannan iyaka.

Ran 26 ga Yuni 1960 yankin Ingila ya sami 'yancin kai, bayan kwana biyar kuma, ran 1 ga Yuli, ya haɗe da yankin Italiya aka kafa Jamhuriyar Somaliya, cikin ɗoki da gaggawa, ba tare da an kammala sharuɗɗan haɗuwar yadda ya kamata ba. Ba a yi nisa ba 'yan arewa suka fara kukan cewa babban birni da manyan muƙamai duk sun tafi kudu, har a 1961 akasarin masu jefa ƙuri'a na arewa suka ƙi amincewa da tsarin mulki, wasu ƙananan hafsoshi kuma suka yi yunƙurin juyin mulki a ƙarshen shekarar. Amma abin da ya yanke igiyar zumunci shi ne mulkin Janar Muhammad Siyad Barre, wanda ya ƙwaci mulki a 1969 yana shelar cewa ya binne ƙabilanci, ya koma kuma, musamman bayan kayen da ya sha a yaƙin Ogaden na 1977 zuwa 1978, yana dogara da dangogi uku na Darod: Marehan na ubansa, Ogaden na uwarsa, da Dulbahante na surukinsa Ahmad Sulaiman Dafle, shugaban hukumar leƙen asiri. Da ƙungiyar 'yan tawayen SNM ta Isak, wadda aka kafa a Landan a 1981, ta kai farmaki a 1988, sai gwamnati ta sa jiragen yaƙi da manyan bindigogi suka ragargaza Hargeisa da Bur'o, aka kashe dubun dubatar farar hula, ɗaruruwan dubbai suka tsere Habasha. Wanda bai riƙe wannan a zuciyarsa ba zai yi wa mutanen Hargeisa rashin adalci, domin ƙin komawarsu ƙarƙashin Mogadishu ya samo asali ne daga kaburburan da har yanzu ruwan sama ke tonowa a gefen garinsu.

Bayan faɗuwar Barre, sai aka taru a Bur'o, ran 18 ga Mayu 1991 aka yi shelar cewa an warware haɗin 1960, Somaliland ta koma kan iyakokinta na ranar samun 'yanci. Wajibi ne a faɗi cewa SNM, ko da yake ita ce mai rinjayen makami a lokacin, ta zaɓi sulhu da dangogin da suka goyi bayan Barre maimakon ramuwar gayya, kuma dattawan Dulbahante da Warsangeli sun halarci taron, cikinsu har da Garad Abdulgani Garad Jama. A taron Borama na 1993 aka zaɓi Muhammad Ibrahim Egal shugaba, aka ba dangin Gadabursi kujerar mataimaki, aka ba wani ɗan Dulbahante, Ahmad Abdi Habsade, shugabancin majalisar wakilai. Hujjar Somaliland ke nan: mu ƙasa ce da ta taɓa samun 'yancinta da iyakokin da aka sani, kuma Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka da kanta ta zartar a Alƙahira a 1964 cewa a mutunta iyakokin da aka gada ranar samun 'yanci, idan muka saki Sool da gabashin Sanaag, mun saki hujjar da muke neman duniya ta amince da mu a kanta.

Hujja ta biyu ta bayyana a watan Agusta na 1998, sa'ad da dattawan Harti da 'yan siyasarsu suka taru a Garowe suka kafa Puntland, suka naɗa Kanar Abdullahi Yusuf Ahmad shugaba. Puntland ba ta ce ta ɓalle daga Somaliya ba. Cewa ta yi ita jiha ce mai jiran ranar da za a sake gina tarayya, kuma iyakarta ita ce inda zuriyar Harti da maƙwabtansu na Darod suka ƙare. Da wannan ma'auni Las Anod da Taleh da Badan da Las Korai duk suka faɗo cikinta, aka kuma shekara da shekaru ana keɓe wa Dulbahante kujerar mataimakin shugaba, Warsangeli kuma shugabancin majalisa. To, ga masu da'awa biyu a kan gona ɗaya, ɗaya ya zo gaban alƙali da takardar da Bature ya rubuta, ɗaya ya zo da shaidar cewa gonar ta ɗan'uwansa ce, shi kuwa mai noman gonar yana tsaye a bakin zaure ba wanda ya kira shi ya ji ta bakinsa.

Abin da ya biyo baya jerin kai-komo ne wanda ya ci rayuka bai warware komai ba. A ƙarshen 2002 shugaban Somaliland Dahir Riyale Kahin ya kai ziyara Las Anod aka kore shi da harbi. Bayan shekara guda Puntland ta kama garin. A 2004 aka gwabza a Adi Adeye. A watan Oktoba na 2007 kuma Somaliland ta karɓe garin, da taimakon mayaƙan Habsade ɗin nan dai, wanda a tsakani ya koma Garowe har ya zama ministan cikin gida, sa'an nan ya ɓata da su ya juyo. Labarin wannan mutum ɗaya ya isa ya nuna yadda al'amarin ya lalace: hukumomin biyu sun mai da hankali ga sayen manyan mutane da muƙami da albashin mayaƙa, kowane reshe na Dulbahante ya sami wanda yake karɓa daga wajensa, har ya zamana gida ɗaya wa yana sanye da kakin Hargeisa ƙane yana sanye da na Garowe, talakawa kuwa ba asibitin kirki, ba hanya, ƙungiyoyin agaji ma suna ƙaurace wa yankin da sunan wurin da ake jayayya a kansa. Da mutane suka gaji da duka biyun sai suka fara neman tasu hukumar, aka kafa ƙungiyar SSC a 2009, aka yi yaƙin Kalshale kusa da Buhodle daga ƙarshen 2010, wanda asalinsa gardama ce tsakanin makiyayan Habar Je'lo na Isak da na Dulbahante a kan tafkunan siminti da aka gina a wurin kiwo, amma sojojin gwamnati suka shiga ya zama yaƙin hukuma. A watan Janairu na 2012 aka yi shelar hukumar Khatumo a Taleh, wadda daga baya Ali Khalif Galaid, tsohon firayim ministan Somaliya, ya shugabanta, ya ƙulla yarjejeniya da Hargeisa a 2017 a kan a gyara rabon muƙamai, yarjejeniyar da ba a aiwatar ba har ya rasu a 2020. A 2018 kuma sojojin Somaliland da na Puntland suka yi ƙazamin faɗa a Tukarak, wani ƙauye mai shingen karɓar haraji a kan hanyar Las Anod zuwa Garowe.

Shekara goma sha biyar Somaliland ta riƙe Las Anod, kuma ba za a ce ba ta yi komai ba, domin garin ya bunƙasa, an yi gine-gine, an yi zaɓe. Amma cikin waɗannan shekaru an yi ta bin fitattun mutanen garin ana harbewa ɗaya bayan ɗaya, jami'ai da malamai da 'yan kasuwa da 'yan boko, hukuma tana ɗora laifin a kan al-Shabab da masu son ɓata mata suna, jama'a suna zargin hukuma, ba a kuwa kawo masu laifin gaban shari'a an gamsar da iyalan mamatan ba. A ganina nan ne ainihin inda mulkin Hargeisa ya mutu a Sool, tun kafin a harba igwa ko ɗaya. Gama a al'ummar da ta ginu a kan cewa kowane jini yana da mai biyansa, hukumar da ta karɓe wa dattawa ikon bin jini, ta kuma kasa bin sa da kanta, ta zubar da dalilin da zai sa a yi mata ɗa'a. Ran 26 ga Disamba 2022 aka harbe Abdulfatah Abdullahi Abdi, wanda aka fi sani da Hadrawi, matashin ɗan siyasa na jam'iyyar adawa ta Waddani. Jama'a suka fito zanga-zanga, jami'an tsaro suka buɗe wuta, mutum wajen ashirin suka mutu. A watan Janairu sojoji suka janye zuwa bayan gari, basaraken Dulbahante Garad Jama Garad Ali ya komo Las Anod bayan shekaru yana waje, sarakunan gargajiya suka zauna shawara, ran 6 ga Fabrairu 2023 suka yi shelar cewa yankinsu ya fita daga Somaliland ya koma ƙarƙashin tarayyar Somaliya da sunan SSC-Khatumo. A ranar yaƙi ya ɓarke. Gwamnatin shugaban Somaliland Musa Bihi Abdi ta girke manyan bindigogi a sansanin Goja'adde tana luguden wuta a kan garin wata da watanni, babban asibiti ya sha harbi ba sau ɗaya ba har ƙungiyar likitoci ta MSF ta janye, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum 185,000 sun bar gidajensu, ɗaruruwa suka mutu. Ran 25 ga Agusta 2023 mayaƙan garin, tare da 'yan'uwansu Harti da suka kwararo daga Puntland, suka mamaye Goja'adde, suka kama ɗaruruwan sojoji har da Janar Faisal Abdi Botan.

Babu abin da ya fi ɓata rai a wannan labari kamar ganin mutanen da aka yi wa ruwan wuta a 1988 sun juya bakin igwa ga wani gari saboda ya ce ba ya son mulkinsu. Somaliland ta yi abin yabo da yawa: ta kwance ɗamarar mayaƙanta da kanta, ta kafa majalisar dattawa ta Gurti, ta yi zaɓuɓɓukan da shugaba mai ci ya faɗi ya miƙa mulki, kamar yadda Riyale ya yi a 2010 da yadda Bihi ya miƙa wa Abdurrahman Muhammad Abdullahi Irro bayan zaɓen 2024, duk kuwa da cewa ta shafe fiye da shekara talatin ba ƙasar da ta amince da ita. Amma hujjarta tana da ƙafa biyu, taswirar 1960 da yardar jama'a, kuma a Sool ƙafafun nan sun rabu. Ba ya yiwuwa a ce wa Mogadishu haɗin da aka yi da yarda ana warware shi idan yarda ta ƙare, sa'an nan a ce wa Las Anod halartar da dattawanta suka yi a Bur'o a 1991 mubaya'a ce da ba ta warwaruwa har abada.

Sai dai kada wanda ya ji wannan ya zaci hujjar nasaba ta fita lafiya. Aibinta shi ne ba ta da ƙarshe: ma'aunin da ya raba Harti da Isak shi ne zai raba Dulbahante da Majerten, ya raba Warsangeli da Dulbahante, ya shiga cikin kowane reshe ya raba shi. Haka kuwa aka yi. Puntland, wadda 'ya'yanta suka zubar da jini a Las Anod, ta wayi gari ta ga yankin ya ƙi komawa ƙarƙashinta. Gwamnatin tarayya ta karɓi SSC-Khatumo a matsayin hukumar riƙo a watan Oktoba na 2023, firayim minista Hamza Abdi Barre ya ziyarci Las Anod a watan Afrilu na 2025, a cikin wannan shekara kuma aka yi shelar sabuwar jiha ta Arewa maso Gabas aka zaɓi Abdulƙadir Ahmad Aw Ali Firdiye shugabanta. Tsarin mulkin wucin gadi na 2012 ya shar'anta cewa jiha ta ƙunshi larduna biyu ko fiye, saboda haka sabuwar jihar tana bukatar Sanaag, Warsangeli kuwa sun rabu, wasu suna son ta, da yawa sun fi son zama da Puntland, shugaban Puntland Sa'id Abdullahi Deni kuma ya ƙi yarda a taɓa masa Sanaag. Masu da'awa biyu sun zama uku. Ita ma Mogadishu ba alƙali ba ce a nan, mai ƙara ce: tana da husuma da Hargeisa, wadda ta tsananta bayan takardar fahimtar juna da Bihi ya sa wa hannu da Habasha ran 1 ga Janairu 2024 a kan mashigar teku, tana da husuma da Garowe, wadda ta janye amincewarta da gwamnatin tarayya a watan Maris na 2024 kan gyaran tsarin mulki, kuma jiha a Las Anod tana raunana mata abokan gaba biyu a lokaci guda.

Wanda ke son ganin inda iyakar jini ke kai gari, ya dubi Galkayo a lardin Mudug, birni ɗaya mai hukuma biyu, arewacinsa na Puntland, kudancinsa na jihar Galmudug inda Sa'ad na Habar Gidir, reshen Hawiye, suke da rinjaye. Yarjejeniyar da Abdullahi Yusuf da Janar Muhammad Farah Aidid suka ƙulla a 1993 ta riƙe garin shekaru masu yawa, amma da aka shiga kafa jihohin tarayya, kowace hukuma tana son a san inda ikonta ya tsaya, sai aikin shimfiɗa hanya a unguwar da ake jayayya ya zama sanadin yaƙi a 2015, aka sake wani a 2016, dubun dubatar mutane suka gudu. Abin da ya kwantar da ƙurar daga baya shi ne zaman dattawa da 'yan kasuwa da matan garin na ɓangarorin biyu, da buɗe shingayen da suka raba kasuwa, da kafa rundunar 'yan sanda ta haɗin gwiwa, ba tare da an taɓa yanke wa kowa hukuncin mallakar garin ba.

Irin wannan ne aka taɓa yi a Erigabo, hedkwatar Sanaag, garin da Habar Yunis da Habar Je'lo na Isak suke zaune tare da Warsangeli da Dulbahante. A 1993, bayan ƙananan tarurruka da aka yi ta yi dangi da dangi, dattawan ɓangarorin huɗu suka yi babban zama na watanni, suka daidaita a kan mayar da gidaje da gonaki ga masu su, da buɗe wuraren kiwo da rijiyoyi, da yadda za a biya jinin da aka zubar bayan sulhu, kuma wannan sulhu ya tsaya kusan shekara talatin. Umurnin da ya zo a Suratul Hujurat na a sasanta ɓangarori biyu na muminai idan suka yi faɗa, a kuma yi sasantawar da adalci, waɗannan makiyaya sun aikata shi. A watan Disamba na 2024 faɗa ya shiga Erigabo ɗin nan, dubban iyalai suka fice, akasarinsu Harti, garin ya ci gaba da zama a hannun Somaliland, jihar Arewa maso Gabas kuma tana lissafa shi cikin ƙasarta. Gwamnatin Irro ta ce ta fi son tattaunawa da yaƙi, an kuma saki kaɗan daga cikin fursunonin yaƙin 2023. Amma muddin iyalan da suka bar Erigabo ba su koma gidajensu da aminci ba, muddin kuma ba a zauna an lissafa jinin Las Anod, na waɗanda aka bi aka harbe kafin yaƙi da na waɗanda igwa ta kashe a cikinsa da na sojojin da suka mutu a Goja'adde, sojojin ɓangarorin za su ci gaba da fuskantar juna a kan hanyar da ta tashi daga Las Anod zuwa Bur'o, makiyayan da ke tsakaninsu kuwa ba su da ikon kai raƙumansu rijiyoyin da ke bayan layin.